Sunana a Cikin Manhajar da Ban Haɗa Ba

Na ga saƙonninku. Masu cewa in yi haƙuri na gani, masu cewa miji irin Injiniya ba a tsintarsa a kan titi su ma na gani. Wata baiwar Allah har ta rubuto cewa in ba na so in tura mata lambarsa. 'Yar'uwa, karanta abin da ya faru a makon nan tukuna. In kin gama har yanzu kina so, sai mu yi magana.

Ga waɗanda yau suka fara bin labarina, ni ce auta a gidanmu, kuma ina aiki a wani ƙaramin kamfanin manhaja da ke hawa na biyu, saman shagon masu sayar da taya. Duk wanda ya hawo matakalarmu sai warin roba ya raka shi har teburinsa. Injiniya shi ne shugaban sashenmu, kuma shi ne mai neman aurena. Takardar da yake da ita irinta nake da ita, aji ɗaya ma ya girme ni a makaranta, amma a gidanmu shi ne Injiniya, ni kuwa Mama in tana ba baƙi labarina cewa take yi, "Tana can tana danne-danne." Ba wanda ya haɗa ni da shi dole. Ni na so shi, gara ku san wannan tun yanzu. Mutum ne mai fara'a, mai iya magana, in ya shigo ofis har mai shara sai ta yi dariya.

Manhajarmu ta shagunan magani ce. Ita ke riƙe da lissafin abin da ke kan kanta, kuma ita ke yin jan rubutu idan wa'adin magani ya kusa cika, don a sauke shi kafin a sayar wa wani. Abokan aikina su ke rubuta ta, amma rubutun nan ba zai yi aiki a kwamfutar shago ba sai an haɗa shi ya zama fayil guda. Haɗawar ita ce aikina.

Kwamfuta tsegumi gare ta. In ka haɗa manhaja a kan taka haka kawai, sai ta cusa labarinka a ciki: sunan da ka sa mata, inda kake ajiye fayilolinka, ƙarfe nawa ne, yadda kake rubuta kwanan wata, har tsofaffin kayan aikin da ka manta kana da su. Mutum biyu su haɗa rubutu iri ɗaya, su fito da abu biyu. Shi ya sa na gina abin da muke kira akwati. Wani rufaffen wuri ne a cikin kwamfuta, ba ya ganin intanet, bai san agogo ba, bai san sunan mai kwamfutar ba. Abin da na lissafa masa kaɗai yake taɓawa. In aka haɗa manhaja a cikinsa, ko a kwamfutar wa, fayil ɗin da zai fito iri ɗaya ne har ɗigo. Muna gane haka da wata doguwar lamba da muke kira zanen yatsa, wadda ko harafi ɗaya ya canza a fayil sai ta rikiɗe gaba ɗaya.

Saboda akwatin nan ne 'yan ofis suka sa min suna Kwaɗo. Sun ce na kulle ƙofa suke nufi, amma in na wuce ina jin wani yana yin kukan na ruwa.

Ranar Litinin da safe, ko jakata ban ajiye ba, saƙo ya shigo daga Malama mai bincike. Ƙungiyar masu shagunan magani ce ta ɗauke ta don ta riƙa duba aikinmu. Dattijuwa ce mai gilashi a kan hanci, ba ta da yawan magana.

"Ƙanwata, na haɗa manhajarku a akwati yadda kika rubuta. Zanen yatsan bai zo daidai da na wadda ke shaguna ba. Duba min."

Na yi murmushi ma, wallahi. Na ce a raina Malama ta tsallake wani mataki. Na haɗa da kaina, lambata ta zo daidai da tata. Na sauko da wadda ke shaguna, lambarta daban. Nan murmushin ya tafi.

Na buɗe fayilolin biyu gefe da gefe na sa kwamfuta ta nuna min inda suka saɓa. Layuka suka yi ta gangarowa, har idona ya tsaya a kan wani guda:

gida/autar-mama/aiki

Jama'a, sunan kwamfutata ta gida ke nan. Yayana ne ya sayo min ita da ya yi tafiya, shi ya sa mata sunan don tsokana, ni kuma ban taɓa canzawa ba. Yanzu ga "autar-mama" zaune a kwamfutar kowane shagon magani da ke aiki da mu. Ni da na hana kowa haɗa manhaja a wajen akwati, ni da na taɓa sa wani ya sake aikin yini guda saboda haka, sunana ne a ciki.

Ban daɗe ina tunani ba na tuno. Wata Asabar da ta wuce Injiniya ya zo gidanmu da yamma, cikin farar riga mai aiki a wuya, turarensa ya riga shi shiga falo. Ya kawo wa Mama lemo da ayaba, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta. Muna zaune ya ce tasa kwamfutar ta mutu ya bar caja a ofis, in ara masa tawa ya tura wani ɗan aiki. Na ce ba na ba da ita, akwai makullan sirri na aiki a ciki. Mama na jera kofuna a kan tebur, ta juyo.

"Ke wai me ke damunki? Ba shi mana. Mutumin da zai riƙe ki gaba ɗaya shi za ki hana allo?"

Na buɗe na ba shi. Mama ta tura ni kicin in dafa shayi, kuma ta tabbatar na daɗe, don sai da ta sa na canza kofunan zuwa na cikin kabad, waɗanda ba a taɓawa sai babban baƙo. Da na dawo ya rufe kwamfutar yana ba Mama labarin wani direba, tana ta dariya har da riƙe ciki.

Da abin ya tsaya a sunana, da kunya kawai zan sha. Amma na san halin kwamfutata. Inda Yaya ya sayo ta, wata suke fara rubutawa kafin rana, kuma tsarin da ke cikinta ke nan. Na buɗe manhajar da ke shaguna, na shigar da wani magani na gwaji, na ce wa'adinsa goma ga watan uku. Ta karɓa, ta rubuta uku ga watan goma. Ba jan rubutu, ba komai. Maganin da ya kamata a sauke, manhajarmu ta ƙara masa wata bakwai. Ba kowane kwanan wata take juyawa ba, sai wanda ranarsa ba ta wuce sha biyu ba, shi ya sa har yanzu ba wanda ya lura.

Na ɗauki kwamfutar ofis na nufi ɗakinsa mai bangon gilashi. Yana waya yana dariya, ya ɗaga min yatsa in jira. Ban jira ba, na ajiye ta a gabansa na juya masa fuskarta.

"Oga, wa ya haɗa fitowar ƙarshe, wadda aka tura shaguna?"

Ya kalli layin, ya kashe wayar. "Rufe ƙofar mana, Auta."

"A nan ba Auta nake ba. Wa ya haɗa?"

Ya tashi ya rufe da kansa. Ya ce akwatina ne ya ƙi. Ya ƙara wani sabon kayan aiki a manhajar, akwatin ya ce bai san shi ba, kuma kafin in duba in shigar da shi sai an kwana biyu, shi kuwa ya yi wa Manaja alkawarin fitowa a ranar. Sai ya haɗa a waje.

"A kwamfutata."

"Ita ce a kusa."

Na nuna masa kwanan watan. Ya kalla yana murza zoben hannunsa. Na ga ya gane, don ba jahili ba ne. Na tsaya ina jira ya ce mu je wurin Manaja tare. Da ya faɗi haka, da yau wani labarin nake ba ku.

"Abu mai sauƙi ne," ya ce. "Ki buɗe wa akwatin 'yar taga. Ki ba shi sunan kwamfutarki da tsarinta da lokacin da na haɗa. Lamba ta zo daidai, matar nan ta sa hannu, mu gyara kwanan watan a fitowa ta gaba. Ba wanda ya ji, ba wanda ya gani."

"Fitowa ta gaba sai ƙarshen wata. Kafin nan fa? Maganin tarin yara, allurar masu ciwon suga?"

"Masu shago ba makafi ba ne, suna duba kwali."

"Da suna duba kwali ɗaya bayan ɗaya da ba su sayi manhajarmu ba."

Ya zagayo ya zauna a bakin tebur, ya sassauta murya, irin muryar da yake min magana da ita a waya. Na tsani yadda har yanzu take taɓa ni.

"To shi ke nan, a gaya musu. Amma ki ce ke kika yi kuskure. Sunanki ne a ciki dama. Ni ana maganar ba ni mataimakin manaja, kin san don wa nake nema. Ke ko an yi miki faɗa, saura wata nawa ki ajiye aikin?"

"Wa ya ce zan ajiye?"

"Mun yi maganar da Mama."

Kun ji fa. Sun yi maganar da Mama. Aikin da na yi shekaru ina koyo, sun zauna shi da uwata a kan lemo da ayaba sun yanke masa ranar mutuwa, ni ina kicin ina wanke kofunan kabad.

Na ɗauki kwamfutata na fita. A teburina na rubuta wa Malama da Manaja saƙo guda: wadda ke shaguna ba daga akwati ta fito ba, tana juya kwanan wata, a sanar da shaguna yau su duba wa'adin magani da ido, gyararriya tana zuwa kafin a tashi. Ban sa sunan kowa ba. Kada ku ce tsoro ne. Na bar masa ƙofa ce ya shigo da ƙafarsa ya faɗi gaskiya. Na duba sabon kayan aikin nasa, na shigar da shi akwati yadda ya kamata, na haɗa, na tura. Aikin da ya ce sai an kwana biyu, kafin la'asar na gama. Manaja ba ya gari, ya amsa da layi ɗaya: gobe da safe kowa ya same shi a ɗakin taro.

A mota saƙonninsa suka fara shigowa.

"Kin kyauta."

"Ko shawara ba ki yi da ni ba."

"Auta, ɗauki wayata."

"Ni fa ba don kaina nake yi ba, don gidanmu ne ni da ke."

Sai hoton zuciya guda uku. Sai kuma: "Ki yi tunani kafin gobe. Duk abin da kika faɗa a ɗakin nan, da shi za mu zauna har tsufa."

Na kife wayar a cinya ina kallon masu sayar da caja a bakin titi.

Ina shiga gida na ga takalmin Gwaggo a ƙofar ɗakin Mama, mai ɗan tudu, ruwan zinare, wanda ba ta sa shi sai za ta gyara wani. Gwaggo ƙanwar Baba ce, kuma ita ce asibitin duk wani aure da ya fara tari a danginmu. Mama na zaune a bakin gado tana ninke kayan wanki, fankar sama tana juyawa da ƙarar nan tata da Baba ya yi shekara yana cewa zai kira mai gyara. Na gaishe su. Gwaggo ta amsa tana kallona daga sama har ƙasa, baƙar doguwar rigata da katin aiki a wuya.

"Zauna, 'yar nan. Yaron kirki ya kira uwarki muryarsa na rawa. Me kika yi masa?"

"Ni ban yi masa komai ba, Gwaggo. Shi ya yi aiki da kwamfutata ya ɓata, yana so in ce ni ce."

"To sai me? Ki ce ke ce mana. Sama za ta faɗo?"

"Magani ne fa. Mutane ke sha."

"An ce kin gyara," Mama ta sa baki ba ta ɗago ba. "Tunda an gyara, sauran na mene ne? Sai kin tsaya gaban mutane kin nuna shi da yatsa?"

"Mama, in na ce ni ce, ba wanda zai sake yarda da aikina. Abin da aka ɗauke ni in hana ke nan."

Gwaggo ta yi 'yar dariya ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. "Aikinki. Aikin zai ɗauke ki zuwa asibiti ranar da kika kwanta? Ke ba ki san mace da rufin asiri ake gane ta ba? Ni nan da kika gan ni, abin da na haɗiye a gidan mijina in na zayyana miki sai kin kasa cin abinci."

"Gwaggo, shi wa ya hana shi rufa nawa asirin?"

Mama ta ajiye zanin da ke hannunta.

"Da Gwaggonki kike magana."

"Na sani, Mama, ku yi haƙuri. Amma tambaya nake. Sunana ya saka a cikin ɓarnarsa, bai gaya min ba, sai da baƙuwa ta gano. Da ba ta gano ba fa? Kuma yaushe kuka yanke zan bar aiki?"

Mama ta kau da kai. "Cewa ya yi ba ya son ki wahala."

"Ni na ce masa ina wahala?"

Sai ta fara kuka, irin na Mama, marar sauti, tana share ido da gefen mayafi. Ta ce duk sa'o'ina sun yi aure, ta ce in ta je taron 'yan'uwa ba ta da bakin magana, ta ce ga mutum har gida, mai mutunci, mai girmama ta, zan kore shi a kan lambobi. Ku da kuke cewa zuciyata dutse ce, da kun ga yadda na ji a lokacin. Na matsa na riƙe hannunta, yana warin sabulun wanki. Na so in ce mata to. Kalmar har ta zo bakina.

"Mama, zan yi miki komai, amma ba zan ɗauki laifin da ba nawa ba. In ya faɗi gaskiya da bakinsa gobe, ni da shi za mu zauna mu yi magana. In bai faɗa ba, zan faɗa."

Gwaggo ta miƙe ta saɓa jakarta. "Wannan yarinya karatu ya yi mata yawa." A bakin ƙofa ta juyo ta ce wa Mama, "Bari in ga yayana."

Baba bai kira ni ba a ranar. Na ji muryarsu a falo, tata sama, tasa ƙasa, har ta tafi.

Da safe na sa rigata ruwan toka mai dogon hannu, da jan mayafi. Mama ta tsani jan mayafin nan, ta ce yana sa ni kamar mai neman faɗa. Ta gan shi. Ta dai tura min kofin shayi ta gefen tebur.

A ɗakin taro Manaja na zaune a kan gaba, idonsa ja saboda hanya. Malama mai bincike na gefensa da kwamfutarta. Injiniya ya shigo a ƙarshe cikin shuɗiyar kwat, ya gaisa da kowa da hannu, ya zauna daidai gabana ya yi min murmushi kamar ba abin da ya faru.

Manaja ya ce shaguna biyu sun kira, sun sami magungunan da wa'adinsu ya wuce a kan kanta. Ɗaya ya riga ya sayar da kwalba guda, amma ya san matar, ya bi ta har gida ya karɓo ba a buɗe ba. Ƙungiya ta dakatar da sabunta kwangilarmu sai an yi bayani.

"Kwaɗo, ke ce mai akwati. Me ya faru?"

Na ce a ba ni kwamfuta uku: tawa, ta Malama, da ta Manaja da kansa. Na haɗa manhajar a akwati a kan kowacce. Muka zauna muna jira, Manaja na kaɗa biro a kan tebur. Lambobin suka fito, na jera su a allon bango. Iri ɗaya, ukun.

"Akwatin lafiyarsa lau, Yallaɓai. Wadda ta je shaguna ba a ciki aka haɗa ta ba. A kwamfutata ta gida aka haɗa, a fili, ta kwashi sunanta da tsarin kwanan watanta."

"Wato ke kika haɗa."

"A'a."

"To wa?"

Na kalli Injiniya. Na ba shi lokaci, Allah ya sani na ba shi. Ya gyara wuyan rigarsa ya ce, "Yallaɓai, ni ina ganin ba neman mai laifi ne ya kamata mu sa a gaba ba. Kowa na iya kuskure. Ni a matsayina na shugabanta, na ɗauki nauyin kare ta."

Kare ni.

"Shi ya haɗa, Yallaɓai. Ranar Asabar, a falon gidanmu. Ya ari kwamfutata ya ce zai tura ɗan aiki. Jiya ya nemi in buɗe akwatin in daidaita lambar don Malama ta sa hannu, na ƙi. Ya nemi in ce ni ce, na ƙi."

Injiniya ya yi dariya ya buɗe hannuwa. "Kun san akwai magana tsakanina da ita. Mun ɗan sami saɓani ne, shi ne ta kawo shi ofis."

Malama ta sauke gilashinta. "Ɗana, ni ban san maganar da ke tsakaninku ba. Wa ya ƙara sabon kayan aikin da akwatin ya ƙi?"

"Ni ne, amma..."

"Wa ya yi alkawarin fitowa ranar Asabar?"

Manaja ne ya amsa, a hankali. "Shi ne."

Ba a ƙara wata doguwar magana ba. Kada ku ɗauka an tafa min. Manaja ya ce ni ma da laifina, da na ba wani kwamfuta mai makullan aiki, kuma gaskiya ya faɗa. Ya ce ni da Injiniya mu tafi gida zuwa ƙarshen mako, Malama za ta duba duk fitowar da aka yi a baya. Ni kuma na ce kafin in tafi ina so a rubuta doka guda: daga yau na'urar da ke tura manhaja shaguna ba za ta karɓi fayil ba sai kwamfuta biyu daban sun haɗa shi a akwati lambarsu ta zo ɗaya, ko wane ne ya turo, ko Manaja ne. Ya kalle ni kamar zai ce wani abu, sai ya ce, "Rubuta, zan sa hannu."

A matakala Injiniya ya tare ni. Murmushin ya tafi.

"Kin san abin da kika yi?"

"Na sani."

"Kin zaɓi akwati a kaina."

"Na ba ka tun jiya har ɗazu ka buɗe baki. Matsa in wuce, Oga."

Ban tafi gida kai tsaye ba. Na je wurin ƙawata mai ɗinki na zauna a kan buhun yadi, na yi kukana a can son raina, tana taka keke ba ta tambaye ni komai ba. Da na gama ta ba ni ruwa na wanke fuska, ta ce jan mayafin ya yi min kyau.

Da yamma na iso gida na tarar da baƙuwar mota a ƙofa. A bakin falo takalman maza ne a jere, masu sheƙi, har da sandar wani dattijo a jingine. Ba yau aka ce manyansa za su zo ganin Baba ba, sai wata mai zuwa. Mama ta fito daga kicin da tire a hannu, ta sa atamfarta mai tsada, idonta a kumbure.

"Kawunansa ne," ta ce da raɗa. "Sun ce yaro ya yafe miki, a matso da magana kusa kafin shaiɗan ya ƙara shiga. Don Allah, Auta, in kin shiga ki sunkuyar da kai."

Ya yafe min. Na buɗe baki ke nan wayata ta yi motsi a jaka. Malama ce.

"Ƙanwata, na fara duba na baya. Akwai wata fitowa ta watanni uku da suka wuce, ita ma ba a akwati aka haɗa ta ba, kuma ba a kwamfutarki ba. Ban sami sunan a cikin na ma'aikatanku ba. Ko kin san mai ita?"

A ƙasa ta liƙo layin:

gida/zumar-injiniya/aiki

Na karanta, na sake karantawa. Ni dai ban taɓa mallakar kwamfuta mai wannan sunan ba.

Daga cikin falo muryar Baba ta fito, a natse kamar kullum. "Uwata ce ta dawo? Shigo, baƙin nan suna so su ji daga bakinki."

Mama ta kama hannun rigata. Na zare a hankali, na cire takalmina na ajiye a gefen nasu. Ban mayar da wayar jaka ba, ban kuma kashe haskenta ba. Na ɗaga labule na yi sallama.